Zanen Jiki a Zangon Lome: Daga Askar Wanzami Zuwa Allurar Tatu

A Zangon Lome an ɗora wa kalmar "zane" kayan da ya fi ƙarfinta. Dattijon da aka tsaga wa kumatu tun yana ɗan kwana bakwai, zane gare shi. Amaryar da ta fito daga ƙunshi da fulawa har gwiwar hannu, zane aka yi mata. Haka ita ma matar da aka cike wa gira da allura a shagon kwalliya. Sai kuma saurayin da ya naɗe hannun riga aka hango kan zaki ko sunan mahaifiyarsa a damtsensa. Su huɗun duka akwai alama a fatarsu, amma na ƙarshen kaɗai ake nunawa da baki idan ya gifta majalisa, shi ne kuma ake tambayar ɗan gidan wa ne.

Daga nan ruɗanin ya samo asali. Wasu na cewa mai tatu ba shi da salla, wasu har sun kai ga cewa in ya mutu ba a yi masa jana'iza. Matasa kuwa sai su mayar da tambaya: in zanen jiki laifi ne, yaya aka yi na fuskar kakanni ya zama abin tinƙaho? Ba za a iya raba wannan gardama ba sai an fara kiran kowane zane da sunansa.

Kowane zane da sunansa

Na farko shi ne zanen gado, wanda wasu ke kira aska. Wanzami ne ke yanka fata, ta warke ta bar tabo, tabon nan shi ne alamar. Kowane iri da sunansa: zube, bille, 'yar baka, kalangu, fashin goshi. Ɗan'uwansa shi ne tsagar magani, ƙananan yanka da ake yi a gefen ido ko a kan kumburi a shafa magani, ba don ado ba.

Na biyu jarfa. A nan ana tsattsaga fata ko a huda ta, sannan a goga baƙin tukunya ko garin gawayi, launin ya zauna a ciki har abada. 'Yan matan Hausa na da suna yin ta a fuska da wuya da ƙirji, matan Fulani kuma har yau ana ganin wasunsu da baƙin zane kewaye da baki. A riƙe wannan da kyau, domin jarfa ita ce ainihin abin da Larabawa ke kira washmu, ita ce kuma tatu, illa dai kayan aikin sun sauya.

Na uku lalle da danginsa. Lalle, da katambiri da mata ke ɗiga wa fuska a da, da dayis na yanzu, duk a saman fata suke zama, bayan kwanaki ko makonni su goge.

Na huɗu shi ne wanda ake ta magana a kai. 'Yan Najeriya da Gana na cewa tatu, masu jin Faransanci a Lome na cewa tatuwaj. Kalmar ba ta Turawa ba ce asali. Daga tsibirin Tahiti matuƙan jirgin ruwan James Cook suka ɗauko ta a 1769, inda mutanen wurin ke cewa tatau. Ita kanta al'adar daɗaɗɗiya ce ƙwarai: gawar wani mutum da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, wadda ta haura shekara 5,000, an ƙirga zane 61 a jikinta. Sabon abu kawai shi ne na'urar lantarki, wadda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a New York a 1891.

Lokacin da fuska take takardar shaida

Zango a Hausa wurin da ayari ke sauke kaya ne ya kwana. Fataken da ke bin hanyar goro zuwa Gwanja su suka bar zanguna a garuruwan da suka ratsa. Bayan yaƙin basasar garin Salaga da ke Gwanja na 1892 'yan kasuwar can da yawa sun watsu zuwa wasu garuruwa, abin kuma ya zo daidai da tashen Lome, wadda Jamusawa suka mayar hedikwatar mulkinsu a 1897. Zangon Lome ya tara Hausawa da Zabarmawa da Yarbawa da Fulani da Kotokoli, Musulunci da harshen Hausa suka zame musu maɗauri. A 1977 gwamnatin Togo ta shugaba Eyadema ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanensa zuwa arewa, kimanin kilomita 15, wajajen Togblekope da Agoe.

Wani masani ɗan Faransa, Michel Agier, ya fitar da littafi a 1983 kan 'yan kasuwar wannan zango. Ya nuna cinikin shanu da goro a kan mai gida ya dogara: shi ke saukar da baƙo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan za a ba da kaya bashi. Kasuwar da amana ce jarinta tana bukatar a san waye mutum. Baƙo ya iso da dabbobi, ba takarda ba lambar waya, amma kafin ya gama gaisuwa mai gida ya karanta kumatunsa. Shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, an san Bagobiri ne, an san gidan da za a kai shi, in ma akwai Bayarabe a kusa wasa ya tashi ke nan. Dogayen layuka daga sama zuwa ƙasa, Babarbare ne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, a wancan zamani har labarin gari ma ita ake tambaya.

Maƙwabtan Zango su ma ba baƙi ba ne a wannan harka. Kabye da Bassar da Tamberma na arewacin Togo suna da nasu zanen, haka masu bautar vodu a kudu, waɗanda ake yi wa tsaga a jiki idan sun shiga hidimar wani abin bauta. Mutumin Zango ya taso yana karanta fatar jama'a kamar allo, ya san wadda ke nuna gari, ya san wadda ke nuna tsafi.

A nan bambancin yake. Jaririn da aka kwantar a cinyar gwaggonsa ranar suna, wanzami ya kwance zabira ya zaro aska, ba a tambaye shi ba. Zanensa cewa yake yi: wannan namu ne. Saurayin da ya kai kansa shago, ya zaɓi hoto a waya, ya biya da kuɗinsa, nasa zanen cewa yake yi: jikin nan nawa ne. Mafi yawan zafin da ake ji a gardamar tatu daga wannan magana ta biyu yake fitowa, ko da an lulluɓe shi da wasu dalilai.

Tsoho yana fita, sabo yana shiga

Zanen gado ya ja baya ba tare da wata hayaniya ba. Katin shaida da fasfo sun karɓe aikinsa. Yaran da suka shiga boko da tsage a fuska sun sha tsokana, da suka girma suka ƙi yi wa nasu. Bayyanar cutar ƙanjamau a shekarun 1980 ta sa aka fara tsoron aska ɗaya a jikin mutum goma. Wa'azi ma ya yi tasiri. A Najeriya har doka ta shigo: sashe na 24 na dokar haƙƙin yara ta 2003 ya hana a yi wa yaro tatu ko tsaga, ya haɗa su biyun a jimla ɗaya. Yau wanzami aski da kaciya da ƙaho suka rage masa, kuma zai yi wuya ka ga ɗan firamare a birni da zube.

Sabon kuwa ta ƙwallo da waƙa da waya ya shigo. Yaron da ke kallon wasa a gidan kallo yana ganin hannun Messi da na Neymar. Ba ma sai an je nesa ba, Emmanuel Adebayor, ɗan Lome da ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2008, yana da zane a jikinsa. Mawaƙan Legas irin su Wizkid da Davido da Burna Boy haka suke. Lome kuma gari ne na bakin teku da tashar jiragen ruwa, iyakar Gana ta Aflao a gefensa take, duk abin da aka yi yayi a Ankara ko Legas ba ya kwana bai iso ba. Ɗan Zango da ke tuƙa zemijan, wato acaɓa, yini yake cikin wannan gari, barci kawai ke mayar da shi unguwa.

A ƙasashen da yayin ya fito, sauyin ya yi nisa. A da ana danganta tatu da ma'aikatan jirgin ruwa da fursunoni da sojoji. A 2023 cibiyar bincike ta Pew ta gano kashi 32 cikin ɗari na manya a Amurka suna da shi, mata sun fi maza, kashi 38 da kashi 27. A Faransa cibiyar Ifop ta samu kashi 10 a 2010, ya koma 18 a 2018. Sai dai binciken na Pew ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na masu zanen suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin waɗanda suka yi. Masu yayin ba su cika ambaton wannan ba, kamar yadda ba su cika ambaton Mohamed Salah da Sadio Mane da Cristiano Ronaldo ba, waɗanda suka kai ƙololuwa da fatarsu yadda Allah ya yi ta.

Abin da malamai suka faɗa, da abin da ake jingina musu

Hukuncin aikin a fili yake wurin jumhurun malaman Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisai, daga Ibn Umar da Ibn Mas'ud, da ke ɗauke da la'ana a kan mai yin washmu da wadda ta nemi a yi mata. Lafazin na mata ne saboda su aka sani da abin a lokacin, amma malamai sun ce maza na ciki. Ana haɗa wannan da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda aka ambaci sauya halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ke umarni da su. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi daga Kano har Lome, ita ma ta kawo hanin. Wannan na cikin mas'alolin da ɗan Tijjaniyya da ɗan Izala ba su da ja a kai. A ɓangaren Shi'a akwai manyan malamai, irin su Sistani, da suka halatta shi. Kiristoci ma bakinsu bai zo ɗaya ba: wasu na kafa hujja da Littafin Firistoci sura 19 aya 28 su hana, alhali Kibɗawan Masar gicciye suke zanawa a wuyan hannu don shaidar addini.

Inda jama'a suka wuce malamai shi ne hukuncin mutumin da ya riga ya yi. Imamu Nawawi, na mazhabar Shafi'iyya, yana ganin wurin ya zama najasa saboda jinin da ya cakuɗa da launi, don haka a cire in zai yiwu, amma in cirewar za ta jawo cuta ko muni a fili, an ɗauke masa, tuba ta wadatar. Ya kuma ce yarinyar da aka yi wa tun ba ta da wayo ba ta da laifi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce tamu a wannan yanki, Nafarawi mai sharhin Risala ya ce ba a tilasta wa mutum ya ƙone wurin don ya cire, abu ne da aka yi rangwame a kansa, sallarsa ta inganta. Malaman wannan zamani da yawa sun ƙara da cewa launin a ƙarƙashin fata yake, ba ya hana ruwan alwala taɓa jiki, saɓanin fentin farce da ke rufe wuri.

Ashe ke nan cewa mai tatu ba shi da salla, ko ba ya zuwa hajji, ko ba a sallatar gawarsa, magana ce ta bakin titi. Zunubi ne a wurin jumhur, ba fita daga Musulunci ba. Kuma wannan ba ƙaramar mas'ala ba ce a gari irin Lome, inda Musulmi ke zaune cikin waɗanda ba Musulmi ba, ake kuma samun masu musulunta da zanen da suka yi tun da, ko tsagar vodu da aka yi musu suna yara.

"Baba, to ku naku fa?"

Wannan ita ce tambayar da ke tsayar da hira. Dattawa na da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce: ɗana, mu ba mu kai kanmu ba, yi mana aka yi, kuma da muka gane mun daina yi muku. Sukan ƙara da cewa nasu zanen yana haɗa mutum da danginsa, na yanzu kuwa kwaikwayon wasu ne da ba a san asalinsu ba, ga hotunan dabbobi da na mutane, ga tuɓe jiki gaban baƙo.

Amma akwai inda amsar ke ɗingishi. Jarfar da kakanni mata suka yi ba ranar suna aka yi musu ba. Da wayonsu suka je, don kwalliya, don samari su gani. In an auna da ma'aunin fiƙihu, ita ce ta fi dacewa da washmu, fiye da zuben da ba a sa masa launi. Laifi tudu ne. Wanda zai ce tatu baƙon abu ne da Turawa suka kawo, sai ya fara duba wuyan kakarsa.

Su ma matasan hujjarsu ba ta cika ba. Cewa jikina nawa ne magana ce mai daɗin faɗa a bakin teku, amma a Zango har gobe ana aure da bincike, ana ba da kaya bashi da sanin gida, ana ɗaukar yaron shago da shaidar wani babba. Wanda ya yi zane a wuya ko a bayan hannu ya yanke wa kansa hukunci a kan duk waɗannan yana ɗan shekara goma sha tara. Shi ya sa masu yi da yawa ke zaɓar kafaɗa ko ƙirji, inda jallabiya za ta rufe ranar Juma'a. Ɓoyewar nan da kanta shaida ce cewa ra'ayin unguwa bai sauya ba kamar yadda na gari ya sauya.

Tawada ba shaidar laifi ba ce

Akwai dalilin da ya sa ake haɗa tatu da ɓata-gari. A Japan, inda aka haramta shi daga 1872 zuwa 1948, ya zama tambarin gungun miyagu da ake kira yakuza, har yau wasu gidajen wanka ba sa barin mai shi ya shiga. A El Salvador gungun 'yan ta'adda sun yi amfani da shi, kuma tun dokar ta-ɓaci ta 2022 zane a jiki na iya sa a kama mutum. A kudancin Najeriya ƙungiyoyin asiri na matasa suna da alamominsu.

Sai dai abin da ya faru a Najeriya ya isa darasi. Cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS a watan Oktoban 2020 har da tare samari a hanya don kawai an gan su da tatu ko tukkun gashi ko waya mai tsada. Idan alama ta yaɗu har ta kai ga ɗan ƙwallo da ɗalibi da tela, ta daina nuna komai game da halin mai ita. Ya kamata mutanen Zango su fi kowa gane wannan, domin su ma an sha yi musu kuɗin goro: daga Lome har Ankara da Kumasi, akwai masu jin "ɗan zango" su ɗauka fitinanne ake nufi. Hali zanen dutse ne, in ji Hausawa, ba su ce zanen fata ba.

Duk da haka zargin yana da farashi na zahiri. Sanarwar ɗaukar sojoji a Najeriya takan sa rashin tatu cikin sharuɗɗa, kuma iyayen yarinya ba sa bukatar wata doka kafin su ce a dakata.

Ɓangaren lafiya

Allurar na'ura tana shiga kimanin milimita ɗaya zuwa biyu, ta ajiye tawada a fata ta biyu, inda ba ta saɓulewa. Duk abin da ya huda fata ya taɓa jini yana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, idan an maimaita allura ko an tsoma ta a tawadar da aka yi wa wani aiki da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022, kuma Afirka na cikin inda ya fi yawa. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai kumburi, wanda likitoci ke kira keloyid. Tarayyar Turai ta taƙaita dubban sinadarai a tawadar tatu tun Janairun 2022, amma wadda ake sayarwa a kasuwanninmu ba mai tambayar me ke cikinta. Cirewa kuwa da hasken leza ake yi, zama bayan zama, ya fi yin zanen tsada nesa ba kusa ba, kuma yakan bar fari ko duhu a baƙar fata. Masu gogewa da batir ko sinadarin wanki ko ƙarfe mai zafi tabo kawai suke saya.

Baƙin lalle ma ba a bar shi a baya ba. Dayis na ɗauke da sinadarin rina gashi da ake kira PPD, wanda ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje har fata ta ɗuri ruwa. Halaccinsa a shari'a bai mayar da shi marar illa ba.

Inda abin ya dosa

Ba a ga alamar Zango zai karɓi zanen zaki a damtse nan kusa ba. Wa'azi ya fi na da ƙarfi, kuma wayar da ke kawo hoton mawaƙa ita ke kawo karatun malaman Kano da Sakkwato. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a ci gaba da yi a ɓoye, wanda hakan ke tura yara wurin masu arha marasa tsafta, ya kuma hana wanda wurin ya ruɓe masa faɗa a gida da wuri.

Ƙofar da aka bari a buɗe ta mata ce. Zanen gira na dindindin da jan leɓe da ake yi da allura sun shiga shagunan kwalliya da sunan gyaran fuska, ba da sunan tatu ba. Hajiyar da za ta kori saurayin 'yarta saboda zane a hannu tana iya zama ita da kanta an cike mata gira. Masu shagunan na cewa launin yana kwashewa bayan shekara ɗaya ko biyu, don haka kamar lalle ne. Malamai da yawa na cewa tunda an huda fata an zuba launi, washmu ne, ko ya daɗe ko bai daɗe ba. Wasu kuma na ware wadda ta rasa gira saboda ƙuna ko cuta, su ce wannan gyaran aibi ne, ba ƙarin ado ba. Wannan tambaya ce yanzu ke yawan zuwa wa malamai daga ɗaliban Islamiyyar matan aure, kuma akasari mai tambayar ta riga ta yi.